Shekarun madubi a bayansa suke

A Birni da Zango, cikin Damagaram, da wuya a fito da tsohon madubi daga adaka ba a ce "ai tun zamanin Tanimu yake" ba. Sarki Tanimu ya rasu a 1884, kuma gaskiya ne a zamaninsa ayari kan sauke kayan Tarabulus a Zango, har da ƙananan madubai da ba su wuce tafin hannu ba. Amma gilashi mai faɗin ƙirji ba kayan raƙumi ba ne. Irin wannan bai yawaita ba sai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa suka buɗe kantuna, suna rabon madubai da alluna masu ɗauke da tallar hajarsu.

Wannan dabara ta talla a Ingila ta yi ƙarfi. Da aka janye harajin gilashi a 1845, kamfanonin giya suka cika mashaya da madubai masu sunayensu, kamar Bass mai jan tambari mai kusurwa uku, wanda aka yi wa rajista a 1876. A shekarun 1970 kuma aka yi ta buga na kwaikwayo, dole masu saye suka koyi bambancewa. Hanyarsu za ta yi mana amfani, ko da abin da muka gada tallar sabulu ce ko ta shayi.

Mai gwani baya yake fara dubawa. Madubin da ya girmi tsakiyar ƙarni na 19 da zaiba da kuza aka shafe shi. Idan ya tsufa, sai ka ga ƙasansa yana ƙyalli tsaba-tsaba kamar an watsa yashi. Shafen azurfa, wanda Liebig ya fito da shi a Jamus a 1835, tsufansa daban ne: baƙaƙen ɗigo da hazo da ke cin gefe suna shigowa tsakiya. Daga nan sai rubutun. Na da da hannu aka zana shi ta bayan gilashi, haruffan ba su zama daidai wa daida, ruwan zinari kuma yana ɓarewa falle-falle. Na injin zamani sumul yake, kuma sau da yawa idan ka matsa ido za ka ga launin ɗigo-ɗigo ne.

Ni dai na fi yarda da shaidar da siyasa ta bari. Abin da ke ɗauke da rubutun A.O.F., wato Afirka ta Yamma ta Faransa, ya girmi 'yancin kai na 1960. Farashi da kuɗin CFA ba ya yiwuwa kafin 1945, farashi da naira kuwa kafin 1973. Allon da ke ɗauke da raƙumin dawan Bière Niger daga Yamai ya fito, bayan Turawa sun sauka. Haka ma langa da samira na jeren kakanninmu mata: kife kwanon ka karanta hatimin gindinsa. Cakoslobakiya ta rayu ne daga 1918 zuwa 1992, Jamus ta Yamma daga 1949 zuwa 1990, don haka kwanon da ke ɗauke da sunansu ya faɗi iyakar shekarunsa da bakinsa.

Abin da ke damuna shi ne gyara. Dillali ya ga hazo a madubi, ya kai a kankare bayansa a sake shafe, ya canza katakon da gara ta taɓa, ya zare tsofaffin ƙusoshi, wai don ya yi kyan kasuwa. Hazon nan da ƙusoshin nan su ne takardar haihuwar madubin. Wanda ya gaji irinsa ya goge fuskar da tsumma mai laushi, ya raba shi da bango mai danshi lokacin damina, ya kuma tambayi tsofaffin gidan daga wane kanti aka samo shi, ya rubuta amsar ya ajiye tare da shi.