Shin A Komo Da Fim Ɗin Hoto Da Aka Daina Yi?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi tsakanin masu ɗaukar hoto a Turai da Amurka da Japan, wadda na ga ya kamata in kawo ta gaban masu karatu. Ko da yake a can ake yinta, abin da ake gardamar a kansa yana nan ajiye a ƙasan akwatin gidaje da yawa a wurinmu. Maganar fim ce, na baƙi da fari. Ba fa na majigi nake nufi ba. Ina nufin siririn abin nan mai kama da leda da ake naɗewa a sa cikin kyamara, in an gama ɗauka a shiga da shi ɗaki mai duhu a wanke, ya zama dodon hoto, watau inda yake fari ya fito baƙi, inda yake baƙi ya fito fari. Daga jikin dodon nan ake buga hoto a takarda.

Tun daga wajen shekarar 2000, da kyamarar da ba ta bukatar fim ta yawaita, wayar hannu kuma ta biyo baya, kasuwar fim ta karye. Abin mamaki, wani ma'aikacin kamfanin Kodak ne, Steven Sasson, ya haɗa irin kyamarar nan ta farko a 1975, ga shi kuwa Kodak ɗin ne sarkin masu yin fim a duniya. Kamfanin ya shiga yanke irin fim ɗinsa ɗaya bayan ɗaya: Verichrome Pan a 2002, Technical Pan a 2004, Plus-X a 2011, har a 2012 shi kansa ya je gaban kotu a kan bashi. A Jamus masana'antar fim ta Agfa da ke Leverkusen ta rufe a 2005. A Ingila kamfanin Ilford ya durƙusa a 2004, sai shugabannin ma'aikatansa suka saye shi a shekarar da ta biyo, ya miƙe. Bayan ƙura ta lafa sai ga samari waɗanda ba a haifa ba lokacin da fim ke tashe sun koma suna nemansa, su da tsofaffin masu sana'ar suka haɗa baki suna kira a komo musu da waɗanda aka daina yi.

Hujjarsu ba ta banza ba ce, ya kamata a saurare ta. Sun ce kowane irin fim da halinsa, kamar yadda kowane magini yake da hannunsa. Wani yana fito da fatar mutum da taushi, wani yana kama ɗan abin da ido ba ya gani, wani kuwa yana aiki cikin hasken fitila. In an kashe iri guda, an kashe wata hanya ta ganin duniya, da tsohuwar zuma kuma ake magani. Har wa yau suna cewa dodon baƙi da fari yana da daɗewa, gama azurfa ce zanen da ke jikinsa, ba rini ba. A nan sun yi gaskiya. Malick Sidibé, mai hoton nan na Bamako a ƙasar Mali, ya adana dodannin da ya ɗauka na samari da 'yan mata tun shekarun 1960, shekaru da dama bayan haka aka fito da su aka buga, har aka ba shi babbar lambar girma a birnin Benis na Italiya a 2007. Wa zai rantse hoton da ke cikin wayarsa yau zai kai ga jikokinsa?

Amma fa duk wannan hujja ce ta a ci gaba da yin fim. Ba ta nuna lalle sai an tono wanda aka binne ba. Don mai karatu ya gane bambancin, sai na ɗan faɗi yadda ake yin abin.

Ana dafa ƙashi da fatar shanu a fitar da wani irin danƙo, kamar dai yadda romon ganda yake daskarewa in ya huce, sai dai wannan tatacce ne ƙwarai. A cikin danƙon nan ake haɗa narkakkiyar azurfa da waɗansu gishiri, su zama ƙwayoyi ƙanana ainun waɗanda haske ke taɓawa. Girman ƙwayoyin, da siffarsu, da zafin da aka dafa su, da saurin da aka zuba wannan cikin wancan, su ne halin fim. Sa'an nan wata ƙatuwar na'ura ta shafa haɗin a bisa leda mai faɗin fiye da yadi guda, mai tsawon dubban ƙafa, duk cikin duhu, a busar, a yayyanka. Aikin yana da tsautsayi har ya kai ga abin da saniya ta ci yana iya sake shi. A 1925 wani masanin Kodak, Samuel Sheppard, ya gano cewa ɗan ɓurɓushin farar wuta da ke cikin danƙon, wanda asalinsa daga tsire-tsiren da shanu suka ci ne, shi ke ƙara wa fim ƙarfin kama haske. Kafin nan sai a yi haɗi daidai da na jiya, ya fito daban, a rasa dalili.

Ashe ke nan fim ba takardar bayani ba ce da za a ɗauko daga cikin fayil a kaɗe ƙura a bi. Mu da muka yi aikin ofis mun san fayil yana riƙe abin da aka rubuta ne kawai, abin da tsohon akawu ya sani a kansa kuwa da shi yake tafiya ran da ya bar aiki. Fim ya haɗa na'ura, da kayan haɗi, da hannun mutanen da suka saba. In ɗaya ya ɓace, sauran ba su isa ba. Dubi abin da ya sami fim ɗin Efke, wanda ake yi a garin Samobor na ƙasar Kuroshiya bisa tsarin haɗi na Jamusawa na shekarun 1950. Masu saye suna nan, takardun haɗi suna nan, amma a 2012 tsohuwar na'urar ta lalace, kuɗin gyara ya fi ƙarfin ribar, shi ke nan aka rufe. Ko kuma Polaroid, mai hoton nan take, da ya daina yin fim a 2008. Waɗansu masu kishi suka sayi na'urorin masana'antarsa ta Enschede a ƙasar Holan, suka ɗauki waɗansu daga cikin tsofaffin ma'aikatan, duk da haka sai da suka ƙirƙiro haɗi sabo, gama masu kawo kayan dā sun daina. Na farko da suka fitar a 2010 yakan dushe, yakan yi dabbare-dabbare, sai bayan shekaru ya daidaita.

To, sai mu auna waɗanda aka riga aka komo da su, mu ga abin da aka samu.

Wanda ya fi gamsar da ni shi ne Acros na kamfanin Fujifilm na Japan. An daina shi a 2018 saboda ƙarancin ciniki da wahalar samun kayan haɗi, jama'a suka yi ta kuka, a 2019 ya komo. Wannan fim yana da wata baiwa tasa. Yawancin fim, in aka bar idon kyamara a buɗe fiye da sakan guda, kamar in za a ɗauki gari da dare, sai ƙarfinsa ya ragu, dole mai hoto ya yi ta ƙarin lokaci da lissafi. Acros kuwa yakan jure har wajen minti biyu ba a ƙara kome ba. Rashinsa ya bar gurbi na gaske. Kuma kamfanin bai yi wa kowa rufa-rufa ba: ya ce ya nemo kayan da suka maye na dā, ya ƙara lamba II a bayan sunan, a jikin kwalin ma an rubuta a Birtaniya aka yi shi. Mai saye ya san ɗan ne ya zo, ba uban ba.

T-Max P3200 na Kodak, na ɗaukar hoto inda haske ya yi ƙaranci, an daina shi a 2012, ya komo a 2018. Shi bai sha wuya ba, tun da masana'antar tana aiki, 'yan'uwansa na gidan T-Max kuma ba a taɓa daina su ba. Wannan farkawa ce daga barci. A Italiya kuma waɗansu sun ta da wani ɓangare na tsohuwar masana'antar Ferrania, suka fito da P30 a 2017, bayan wahala da jinkiri mai yawa. Na yaba ƙoƙarinsu, ko da yake abin ya nuna irin tsadar tafiyar.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne komowar suna tsirara. Bayan masana'antar Leverkusen ta rufe, an yi shekaru ana sayar da ragowar fim ɗin APX da ke ajiye. Da ya ƙare sai aka ci gaba da buga sunan a kwali, fim ɗin da ke ciki kuwa na wata masana'anta ne dabam. Ba a ɓoye cewa sabon haɗi ne ba, fim ɗin ma ba shi da laifi, amma yaron da ya ga hotunan dā ya sayo don ya sami irinsu, me aka ba shi? Kama da wane ba ta wane. In irin wannan ake nufi da komowa, gara a bar mamaci da sunansa, a raɗa wa jariri nasa.

Saura Plus-X, wanda ake yawan yi wa kuka. Ni ban ga dalilin ta da shi ba. Ilford na yin FP4 Plus, mai ƙarfin kama haske daidai da nasa, watau 125, yana kuma yin kusan duk aikin da wancan ke yi. Masu kukan za su ce launin tokarsu ba ɗaya ba ne, na kuwa yarda, amma su tuna kasuwar nan ƙarama ce. Na'urar ba ta iya shafa kaɗan, fim kuma ba ya ajiyuwa har abada, zafi da daɗewa suna sa masa hazo. Kowane iri da aka ƙara, daga cikin masu sayen na yanzu zai ɗiba. In aka raba 'yan masu sayen nan gida ashirin, ana iya wayar gari Tri-X, da ke fitowa a naɗe tun 1954, ko HP5 na Ilford, su ma ciniki ya kasa riƙe su. Shi Tri-X ɗin ma an sake haɗinsa ba sau ɗaya ba cikin shekarun nan, ba wanda ya ce ya mutu, don ba a taɓa barin hannu ya huce ba.

Saboda haka ni a ganina, a komo da fim in yana yin wani aiki da babu mai yinsa cikin rayayyu, in kuma za a faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwali. Technical Pan, mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai har masu duban taurari suka riƙa aiki da shi, da HIE na Kodak da aka daina a 2007, wanda ke ganin hasken da idon mutum ba ya gani har ganyen itace ya fito fari fat, irinsu ne suka cancanci a yi wahala dominsu, in da hali.

Akwai kuma abin da masu gardamar ba su cika ambata ba. Fim shi kaɗai ba ya zama hoto, sai da takarda, da ruwan wanki, da mai wankewa. Kodak ya daina yin takardar baƙi da fari tun 2005, aka bar Ilford da 'yan ƙananan masana'antu da ita. A nan wurinmu abin ya fi haka nisa. Bara na ci karo da dodon hoton mahaifina cikin wata tsohuwar ambulan, garau da shi, ko ƙwarzane babu, in na ɗaga shi wajen taga har zanen aikin wuyan rigarsa ina gani. Na zaga shaguna huɗu a garinmu ina neman mai buga mini shi. A na ƙarshe na tarar da wani dattijo da ya yi shekaru yana wankin hoto, ya karɓa da gefen yatsu biyu, ya duba, ya ce aikin mai kyau ne. Sa'an nan ya nuna mini ɗakin duhunsa, ya cika shi da buhunan siminti na ɗan'uwansa. Ya ce in ina so yaronsa ya ɗora dodon a kan gilashi ya ɗauka da waya, kwamfuta ta juya shi. Haka aka yi.