Jinjina ga Masu Sabunta Metroid II

A 1991 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da wasan Metroid II a kan Game Boy. Jaruma Samus Aran ta sauka duniyar SR388 don kawar da halittun Metroid masu tsotse ran duk abin da suka kama. Allon na'urar ƙarami ne, ba launi, wasan kuma ba taswira, don haka 'yan wasa da yawa suka yi ta ɓacewa cikin kogunan.

A 2017 ma'aikatan MercurySteam na ƙasar Sifaniya, tare da Yoshio Sakamoto na Nintendo, suka sake gina shi a kan na'urar 3DS da sunan Metroid: Samus Returns. Gyaran tsohon gida ya fi gina sabo wuya, amma sun yi shi da amana. Sun sa taswira a allon ƙasa na na'urar. Sun ba Samus damar auna bindiga ta kowace fuska, da dabarar kare farmaki ta mayar da martani nan take. Duk da haka kaɗaici da fargabar da ke cikin wasan asali suna nan daram, haka ma jaririn Metroid da Samus ta ƙi kashewa a ƙarshe.

A shekarar ne wasan ya lashe kyautar The Game Awards ta wasan na'urar hannu mafi kyau, daga baya kuma aka damƙa wa ma'aikatan MercurySteam aikin wasan Metroid Dread na 2021. Sun mutunta aikin magabata, sun kuma ƙara masa daraja. Sun cancanci yabo.