Jerin Sunayen Sinadarai Bai Isa Shaidar Magani Ba

Duk ɗalibin da ya leƙa ɗakin gwaje-gwajen haɗa magunguna a 'yan shekarun nan ya san irin tashen da fannin metabolomiks yake yi. Ga 'yan'uwa masu karatun shari'a ko tattalin arziki, abin da ake nufi shi ne auna ɗaruruwa ko dubban ƙananan sinadaran da ke cikin ganye, jini ko fitsari a lokaci guda, maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya. Kalmar da fannin ya samo sunansa daga gare ta ta fara fitowa a rubuce a 1998, kuma a 2007 aka buɗe rumbun bayanan sinadaran jikin ɗan Adam a Jami'ar Alberta da ke Kanada, ƙarƙashin Farfesa David Wishart. Da irin wannan awo na yi aikin digirina na biyu, saboda haka kada mai karatu ya ɗauka ƙyashi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami.

Abin da ya dame ni shi ne salon da takardun bincike da yawa suka ɗauka game da tsirranmu. Za a ciro ganyen zogale ko sabara, ko ɓawon maɗaci, a shanya, a daka, a jiƙa cikin ruwan sinadarin metanol, a ɗura wa na'ura, sai ta fito da dogon jeri. Daga nan sai marubuci ya nemo inda wani ya taɓa cewa ɗaya daga cikin sinadaran ya rage sukari a jinin ɓera, ya rufe da cewa bincikensa ya tabbatar da amfanin tsiron ga mai ciwon sukari. Ba a taɓa jinin mutum ko ɗaya ba. Wani kawuna ya turo mini kanun labari irin wannan daga gida, yana tambaya ko ya daina shan ƙwayoyin asibiti tunda ga zogale a bayan ɗaki. Tun daga ranar na daina ɗaukar lamarin a matsayin gardamar malamai kawai.

Da farko dai, na'urar ba ta faɗin sunan sinadari. Nauyinsa take aunawa, da yadda yake farfashewa, sai kwamfuta ta yi kirdado. Sukarin gulukos da na furuktos nauyinsu ɗaya ne sak, amma jiki ba ya sarrafa su ta hanya ɗaya. Shi ya sa a 2007 masana fannin suka tsara matakai 4 na tabbaci, kuma ba a kai mataki na farko sai an kwatanta da tsantsar sinadarin da aka sani a ɗakin gwaji. A 2015 wasu masana, ciki har da Pieter Dorrestein na Jami'ar Kaliforniya a San Diego, sun ƙiyasta cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na alamun da na'urar ke fitarwa ake iya raɗa wa suna. Amma sai ka ga takarda da sunaye 80 a jere, babu ko layi ɗaya da ya faɗi matakin da aka kai.

Sannan kakanninmu ba da metanol suke jiƙa magani ba. Tafasawa suke yi, ko su jiƙa a ruwa ya kwana, wani lokaci da kanwa ko tsamiya, kuma kowace hanya da abin da take fitarwa. Tarihin Tu Youyou ta ƙasar Sin ya ishe mu misali. Tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro a jikin Artemisia annua, dangin tazargade, sakamakon yana ta hawa da sauka, sai da ta lura a wani tsohon littafin Ge Hong na ƙarni na 4 cewa a ruwa ake jiƙa ganyen a matse, ba dafawa ake yi ba. A 1971 ta sauya zuwa tatsa da ƙaramin zafi, aikin ya yi kyau, aka gwada a kan mutane, kuma a 2015 ta samu kyautar Nobel. Haka nan abin da ke cikin ganye ba lalle ne ya isa jini ba. Sinadarin kurkum yana abin mamaki a cikin kwalbar gwaji, amma ɗan kaɗan ne hanji ke tsotsa, hanta kuma ta yi maza ta sauya shi.

Kwatanta wannan da aikin da aka yi kan zoɓo a Jami'ar Tufts ta Amurka, wanda aka buga a 2010. Mutum 65 masu ɗan hawan jini aka raba gida biyu, wasu na shan kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, wasu na shan abin sha mai kama da shi. Lambar sama ta awon jinin masu zoɓo ta sauka da kusan maki 7, ta sauran da ɗan fiye da 1. Ƙaramin bincike ne, amma a jikin mutane aka yi shi. Da an haɗa da awon sinadaran jini da fitsarinsu kafin da bayan sha, nan ne metabolomiks zai nuna gwanintarsa.

Inda fannin ya fi amfani kuwa, nan aka fi yi masa riƙon sakainar kashi, wato gano guba da jabu. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 sun samu lalacewar ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da aka sa wa saiwar Aristolochia fangchi a maimakon wani tsiro daban, wasunsu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Muna da ɗan wannan dangi a ƙasar Hausa, shi ne duman dutse. Ga kuma garin magani da ake ƙullawa a leda a kasuwanninmu, wanda mai saye ba shi da hanyar sanin ko abin da aka faɗa masa ne a ciki. Na'urar da muke ɓata wa lokaci wajen jera sunaye za ta iya kwatanta ƙulli 50 daga kasuwanni daban-daban cikin 'yan kwanaki, ta nuna wanda aka yi wa algus da wanda ke ɗauke da guba. Ɗan'uwan da ke neman batun digiri na uku, ga shi nan yana jiran mai ɗauka.