Jinjina ga Makanikan Ƙananan Jif

Ƙananan motocin jif irin su Toyota RAV4, wadda ta fito a 1994, da Honda CR-V da ta biyo baya a 1995, an gina su ne a kan tsarin ƙaramar mota, sai dai an ɗaga su sama, kuma da yawansu injinsu na iya tura ƙafafu huɗu. Galibinsu kan iso Kano da Kaduna bayan sun sha aiki a Turai ko Amurka, saboda haka tsawon ransu yana hannun makanikai.

Gwani a cikinsu ana gane shi ne a ƙarƙashin mota. Idan CR-V ta riƙa gurnani yayin shan kwana, yakan fara duba man akwatin giyar baya, wato na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya, domin tana da nata mai na musamman, kuma yakan hana mai mota haɗa tayoyin da girmansu ya bambanta. Wasu, don gudun wahala, sukan cire farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi baya, su bar motar tana ja da ƙafa biyu. Wanda ya shiga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ya nemo kayan da ya dace ya mayar, shi ya cancanci a biya shi ba tare da ciniki ba.