Gwanintar Juya Kiɗa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota a Keffi yana jiran motar Akwanga ta cika, da wuya kunnensa bai tsinci Ɗan Maraya Jos ba, ko daga rediyon mai shayi ko daga wayar wani direba. Jama'a kan bi zancen da ke bakinsa, don shi ke ratsa jiki. Amma a ƙarƙashin zancen akwai ɗan guntun kiɗa da yake ta juyawa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, kuma a nan nake ganin babbar gwanintarsa take.

Kuntigi, kayan kiɗansa, ba abin kallo ba ne. Gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, aka soka masa ɗan sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya tak. Da shi Adamu Wayya, wato Ɗan Maraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya riƙe masu sauraro har rasuwarsa a 2015. Shata yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi da ke riƙe masa gindin waƙa. Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai ne, shi ke kiɗa shi ke waƙa.

Kowace waƙarsa tana da nata karin kiɗan. In ya yi shiru, kuntigi ya maimaita karin nan daram, da sauri, har ya zauna maka a ka. Da ya buɗe baki sai yatsunsa su ɗan karkata sautukan su bi hawa da saukar muryarsa, amma bugun ba ya gocewa ko kaɗan. Ya gama ɗango, kiɗan ya koma mazauninsa kamar ba abin da ya faru. Ka sa "Waƙar Karen Mota" ka gwada buga ƙafa kana bi. Ƙafarka ba za ta ɓata ba, amma kuma ba za ka gundura ba. Hannu yana gudu, baki yana tsara magana mai ma'ana, kowanne da nasa lissafin: wannan aiki ne na shekaru.

Makaɗan Turai na zamanin Barok, wajen 1600 zuwa 1750, sun yi fama da irin wannan lissafi a kan hafsikod, kayan kiɗa mai maɓallai da ya riga fiyano. In ka danna maɓalli, wani ɗan tsinke na gashin tsuntsu ne ke tsakurar tsirkiya. Komai ƙarfin dannawarka, ƙarar kusan ɗaya ce. Ke nan makaɗi ba shi da damar burge mutane da ƙara. Sai dai ya jinkirta wani sauti ɗan kaɗan, ya ƙawata wani, ya raba bugu ɗaya gida huɗu.

Henry Purcell na Ingila yana da wani ɗan gajeren kiɗa, "A New Ground", da aka buga a 1689. Hannun hagu yana ta maimaita 'yan sautuka masu kauri, na dama yana rera abinsa a sama. Abin da ke burge ni shi ne na dama ba ya tsayawa inda na hagu ya ƙare zagaye. Sai ya tsallake gaɓar, har ka kasa gane inda aka sake farawa.

Bach na Jamus ya kai abin maƙura a 1741 da kiɗan da ake kira Goldberg: juyi 30 a kan gindi ɗaya, wani na rawa, wani na jimami, wani hannaye har suna tsallaka juna. Da ya zo juyi na 30, sai ya ɗauko waƙoƙin gargajiya da talakawan ƙasarsa ke rerawa, ya sarƙa su da juna, ya ɗora su a kan gindin nan, suka zauna cif.