Ƙarfin Doki da Lambar Shasi

Tsakanin masu sha'awar motocin gudu akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu sun ɗaukaka motocin da ƙwararru irin su RUF a Jamus, ko Nismo, sashen tsere na kamfanin Nissan, ke yi wa garambawul su fitar da 'yan ƙalilan da sunansu a jiki. Wasu kuma dariya suke yi, suna cewa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da waccan, bakanike mai hannu zai ɗora wa Toyota Supra ƙaton turbo ya fitar da ƙarfin doki dubu, a bar mai tsadar tana shaƙar ƙura. In dai tsere a miƙaƙƙiyar hanya ne ma'auni, masu dariyar suna da gaskiya. Sai dai a ganina ba ƙarfin doki ake saye a motar farko ba, kuma shi ne abin da ya fi saurin faɗuwar daraja a ta biyun.

A duba RUF CTR ta 1987, wadda aka yi wa laƙabi da Yellowbird. Alois Ruf ya gina ta a kan fasalin Porsche 911 a ƙauyen Pfaffenhausen, ƙarfinta a takarda doki 469, kuma a gwajin mujallar Road & Track ta yi gudun kusan kilomita 340 a awa, ta tsere wa Ferrari da Lamborghini na zamaninta. Yau wannan ƙarfi ba abin a tsaya kallo ba ne. Bugatti Veyron ta haura dubu a 2005, Tesla Model S Plaid ta kawo 1,020 a motar iyali mai ƙofa huɗu a 2021, Dodge kuma ta sayar da Demon 170 mai 1,025 kai tsaye daga masana'anta a 2023. Duk da haka Yellowbird sai ƙara tsada take a gwanjo, ana maganar miliyoyin daloli. Da ƙarfi ake biya, da tuni farashinta ya zube. Abin da bai tsufa ba shi ne tun 1981 hukumomin Jamus suka amince da RUF a matsayin mai ƙera mota, da lambar shasinsa ta kansa, kuma waɗanda aka gina daga tushe ba su kai 30 ba. Mai saye ya san wanda ya yi ta, ya san nawa ne a duniya, ya san ba za a ƙara ba.

Za a ce ai wannan son suna ne kawai, kuɗin tambari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin attajiran gwanjo da yawa ba su taɓa taka totur ɗin motocin nan har ƙasa ba. Amma a kalli yadda aka yi Skyline GT-R Z-Tune a 2005. Nissan ta riga ta daina ƙera samfurin R34 na Skyline, don haka Nismo ta bi kasuwa tana sayen na hannu waɗanda ba su ci kilomita 30,000 ba. Kowace aka kwance ta har ƙashi, aka ƙara walda a gaɓoɓin bodi, aka ƙarfafa wasu wurare da zaren kabon, aka faɗaɗa injin zuwa lita 2.8, aka sa birkin Brembo da shokozoban Sachs. Motocin ba su wuce 20 ba, ƙarfinsu doki 500 ne kacal, alhali a lokacin garejin Japan na fitar da ninkin haka daga inji iri ɗaya. Nismo ba kasawa ta yi ba. Ta tsaya ne inda birki da taya da lagireto da giyabos za su iya ɗauka tare, zagaye bayan zagaye a filin tsere, ba gudu ɗaya na daƙiƙa goma ba. A nan ne motar gareji ke yawan gazawa. Injin 2JZ na Supra, mai gangar baƙin ƙarfe, yana jure matsi iya matsi, amma doki dubu na cinye kuloci, yana murɗe giya, yana neman mai na musamman, kuma saitin kwamfutar injin yakan zauna a kan mutum guda. Ranar da mai ita zai sayar, wanda zai saya ba ya ganin kuɗin da aka zuba, wahalar da motar ta sha yake hange. Shi ya sa Supra da ba a taɓa ba kan fi wadda aka kashe wa dukiya tsada.

Hujja mafi nauyi ta masu gareji ita ce tarihi, kuma ba ta tureruwa. AMG mutum biyu ne suka fara ta a 1967, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, suna gyaran injin Mercedes, kafin kamfanin da ke ƙera Mercedes ya sayi rinjayen hannun jarinta a 1999. RUF ma gareji ne tun farko. Sledgehammer ta kamfanin Callaway, Corvette guda ɗaya tilo, ta yi gudun kusan kilomita 410 a awa a jihar Ohio a 1988, kuma wannan aikin ƙwararrun gefe ne, ba na General Motors mai ƙera Corvette ba. Ashe da yawa daga manyan sunayen yau 'yan garejin jiya ne, kuma raina mai walda a lungu rashin sanin asali ne. Na yarda. Amma abin da ya fitar da su daga sahun sauran ba lambar da na'urar awon ƙarfi ta nuna ba ce. Sledgehammer da tayoyinta ta taka daga Connecticut zuwa filin gwajin, ta yi gudunta, ta koma gida a kan titi. Callaway ɗin nan kuma ya riga ya kai matsayin da tun 1987 dillalan Chevrolet suka fara karɓar odar Corvette mai turbo biyu nasa da lambar B2K, da garanti, kamar kowane zaɓi na masana'anta. Gareji ya yi mota ɗaya mai ban tsoro abu ne da ake gani kowace shekara a Texas ko Dubai. Ya yi ta ashirin iri ɗaya, ya sa hannu, ya amsa waya bayan shekara goma idan fistin ya fashe, kaɗan ne suka kai nan, kuma yawancin masu doki dubu ma ba can suka nufa ba.