Masallatanmu na Ƙasa: Abin da Muke Rushewa Ba Mu Rubuta Ba

Akwai wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum inda na yi karatun allo ina yaro. Masallacin Jumu'ar garin ginin ƙasa ne, ginshiƙai huɗu a ciki, rufin azara, da zankwaye a kusurwoyi. Bayan shekaru aikin akawu ya kai ni can, na tarar babu shi, an kafa wani na bulo da kwano a gurbinsa. Na tambayi dattawa wane magini ya gina tsohon, kuma a zamanin wane hakimi. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce ba haka ba ne, daga ƙarshe aka yi shiru. Ashe ba ginin kaɗai aka rushe ba, har da labarinsa. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara auna tsohon gini da ma'auni na gaskiya, kada a ce son tsofaffin kaya ne kurum. Maginin dā da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa yake aiki. Ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali, ya shanya, sa'an nan ya jera su bango mai kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama. Kaurin nan shi ke tsare zafin rana, har mutum ya shiga sallar Azahar a watan bazara ya ji sanyi kamar ya shiga inuwar tsamiya. Rufi kuwa na azarar giginya ne, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Amma azara gajeriya ce, ba ta ƙetare ɗaki mai faɗi. To, a nan ne hikimar magina ta bayyana: suka riƙa ɗaura azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce 'yar'uwarta, suna lulluɓe su da ƙasa, har ɓangare biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. In an gicciya bakan gizo da yawa sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. A waje kuma a shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa, ko laso na katsin marina, a sa indararo ya kai ruwa nesa da bango.

Wanda yake so ya ga iyakar wannan fasaha, sai ya tuna da Masallacin Jumu'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Ga kuma hasumiyar Gobarau a Katsina, da ta Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844. Masallatan ƙauyukanmu ƙannen waɗannan ne, sana'a ɗaya ce ta haife su.

Sa'an nan mu auna sabon da ma'aunin nan. Ba na musu, ya fi faɗi, ya fi haske, kuma ba ya neman yaɓe kowace shekara. Amma da rana kwano yakan gasa jama'a sai an nemi fanka, fanka kuma sai da wuta. In ruwa ya sauko ana huɗuba, ƙarar kwano takan haɗiye muryar liman. Babban aibinsa kuwa shi ne, na Gummi da na Gusau da na Kaduna duk kamarsu ɗaya, ba ka duban ɗaya ka ce wannan hannun magina na garin kaza ne.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi laifin ginin ƙasa. Shi kamar doki ne, sai da kiwo. Ran 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin Zariya ya rufto ana sallar La'asar, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024 ta nuna abin da ruwa ke yi wa bangon ƙasa in ya kwanta a gindinsa. Ga kuma ƙauyuka a ƙasar Anka da Bukkuyum da 'yan bindiga suka tashi mutanensu. Masallacin da ba mai yaɓe shi, ba mai share indararonsa, damina kaɗan ta ishe shi ya koma tudu. Saboda haka wanda ya ce a bar tsohon gini ba gyara don wai tarihi ne, ya yi wasa da rayukan Musulmi.

To, yaya za a yi? Mu dubi yadda wasu suka yi da nasu. A Ingila kusan kowane ƙauye yana da majami'arsa ta dutse, wasu sun haura shekara 800. Ba wai duwatsunsu ba sa lalacewa ba ne. A ƙarni na 19 su ma sun shiga kankare tsofaffin gine-ginen suna sabuntawa, har wani mai suna Wiliyam Moris ya kafa ƙungiya a 1877 don hana wannan ɓarna. Ra'ayinsa shi ne a riƙa ƙananan gyare-gyare a kan kari, kada a jira gini ya ruɓe sa'an nan a rushe. Tun 1538 kuma aka umurci kowace majami'a ta ajiye littafin da ake rubuta baftisma da aure da jana'iza. Daga baya wani masani, Nikolas Pebsna, ya bi lardunan Ingila yana duba gine-gine ɗaya bayan ɗaya, aka buga littattafai 46 daga 1951 zuwa 1974. A Norwe majami'un katako na dā saura 28 kawai suka rage, amma kowace an auna ta, an zana, an rubuta. Addininsu daban, namu daban, amma kiwon abin da kakanni suka bari ba ya da ƙabila.

Ba sai mun je Turai ba ma. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Jumu'a na ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi, har ginin ya sami kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuwa, da mutane suka yi yawa, sai aka gina sabon masallaci, aka gyara tsohon aka mai da shi ɗakin karatu, aka gama a 2018. Ka ga an sami fili, ba a yi hasarar gado ba.

Mu Zamfarawa mun fi kowa bukatar wannan darasi, don mun san zafin rashi. Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar ta yi ta ƙaura kafin ta zauna a Anka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804. Masallatan da aka yi salla a ciki a wancan zamani, wa zai kwatanta mana siffarsu yau? Abin da baki ya riƙe yakan bi mai shi kabari.

Kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci, ga aikin da ya dace da sabon alƙalaminka. Sayi littafin rubutu guda. Je wurin liman da ladan da Sarkin Magina da tsofaffin unguwa. Rubuta wanda ya gina masallacinku, da zamanin sarkin da aka yi shi, da sunayen limamai bi da bi. Auna tsawo da faɗi da taku, ƙirga ginshiƙai, zana bakan gizo gwargwadon iyawarka, in da mai waya ya ɗauki hoto. In ka ga tsaga a bango, ko azara ta lanƙwasa, kada ka yi shiru, gaya wa mai gari tun ran nan. In kuwa jama'a ta yi yawa har dole a yi sabo, a nemi fili a gefe, a bar tsohon ya zama makarantar allo ko ɗakin karatu.

Ba na ƙin siminti, ba na kuma raina mai kuɗin da ya gina ɗakin Allah, ladansa na wurin Ubangiji. Roƙona dai shi ne, kafin a ɗaga diga a ɗaga alƙalami. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa garinsa, ya raya masallatanmu da jama'a. Amin.